Tambaya da Amsa: Kalmar "faint", suma ce ko jiri ko dusashewa?

Tambaya: Malam, a jarrabawar gwaji na rubuta "The girl was fainted at the assembly", sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin "was". Ai muna cewa "was beaten" da "was taken". Ina kuskurena? Daga wata ɗalibar ajin ƙarshe na sakandare, Katsina.

Amsa: 'Yata, malaminki ya yi daidai. Ana cewa "was beaten" ne saboda akwai wanda ya yi dukan da wanda aka daka. "Faint" kuwa aikatau ne ƙi-karɓau, mutum shi da kansa yake suma, ba a yi masa ita. Don haka jimlarki ita ce "The girl fainted at the assembly". Idan har yanzu tana kwance ba ta farfaɗo ba, kina kiran a kawo ɗauki, sai ki ce "She has fainted".

Akwai kuskure na biyu mai kama da wannan, kuma Hausarmu ce take jawo shi. Mu muna da "sumar da", muna cewa rana ta sumar da shi. Sai ɗalibi ya ɗauko wannan ginin ya rubuta "The sun fainted him". Turanci ba ya karɓar haka. Ko dai a ce "The heat made him faint", ko "He fainted from the heat". Dalilin suma yawanci da "from" ake kawo shi: "from hunger", "from loss of blood". Ki kuma lura da furucin "fainted", gaɓa biyu ce, fein-tid, domin duk aikatau da ya ƙare da sautin t ko d sai an furta "ed" ɗinsa a matsayin gaɓa.

Tambaya: Ina koyon aikin jinya. Wata rana majinyaciya ta ce "I feel faint", na rubuta a kati cewa ta suma, aka yi mini gyara. Ba abu ɗaya ba ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma a aikinku bambancin yana da nauyi ƙwarai. A cikin "I feel faint" kalmar sifa ce. Matar tana cikin hayyacinta, tana magana da ke, amma jiri yana ɗibarta, gani take dishi-dishi, kunne yana shuu, wataƙila gumi mai sanyi ya karyo mata. Suma tana tafe amma ba ta iso ba. A cikin "I fainted" kuwa ta riga ta fita hayyacinta na ɗan lokaci sannan ta dawo. Likitan da ya karanta katin zai yi tambayoyi daban a kan kowanne.

Kalmomin da ke zaune kusa da ita su ma a rarrabe su. "Dizzy" hajijiya ce, mutum ya ji ƙasa tana juya masa, ba dole ne suma ta biyo baya ba. "Pass out" daidai take da "faint", sai dai ta hira ce, ba a cika sa ta a rahoto ba. "Collapse" yanke jiki ne a faɗi, da hayyaci ko babu, kuma ba ta faɗin dalili. Jaridun Najeriya suna yawan rubuta "slumped" a irin wannan wuri. "Unconscious" tana nufin ba ya cikin hayyacinsa, ko na daƙiƙa goma ko na kwana goma. "Coma" dogon suma ne. "Seizure" kuma ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, wata matsala ce dabam. A bakin likitoci sunan suma "syncope", ana furta ta sin-ko-pi.

Abin da ya keɓance "faint" shi ne gajarta. Jini ne ya ragu zuwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, saboda doguwar tsayuwa a rana, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko miƙewa farat ɗaya daga kwance, ko ganin jini. Da mutum ya kwanta sai jinin ya koma, ya farfaɗo da kansa, yawanci cikin ƙasa da minti ɗaya. Wanda ya ce miki "I feel faint", kwantar da shi nan take, ko ki zaunar da shi ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Wanda ya riga ya suma kuma yana numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska. Muna roƙon jama'a su daina ɗura wa sumamme ruwa a baki, domin ba ya iya haɗiya, ruwan zai nufi huhu. In minti ɗaya ya wuce bai farfaɗo ba, ko ya suma yana cikin gudu, ko da ciwon ƙirji, wannan na asibiti ne cikin gaggawa.

Tambaya: A takardar da ke cikin kwalin gwajin zazzaɓin cizon sauro na ga "a faint line". Layi kuma yana suma? Daga wani mai shagon magani a Gusau.

Amsa: A nan sifa ce, kuma ita ce ma'anar da aka fi cin karo da ita a karatu: abin da yake nan amma da ƙyar ido ko kunne ko hanci yake kama shi. "A faint line" layi ne mara turuwa, sai ka karkata abin gwajin wajen haske kafin ka gan shi. Ka'idar kuwa ita ce, in layin C, mai nuna gwajin yana aiki, ya fito, kuma layin T, mai nuna cutar, ya bayyana ko da dishi-dishi ne cikin lokacin da aka rubuta a kwalin, galibi minti 15 zuwa 20, to gwajin ya nuna akwai cutar. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake wani. Layin da ya ɓullo bayan lokacin ya wuce ba a aiki da shi.

Haka ake cewa "a faint voice" ga muryar mara lafiya da sai ka kai kunne bakinsa, "a faint smell of gas" ga ɗan warin gas da ke bugo hanci sama-sama, "a faint pulse" ga bugun jini mai rauni. In tawadar injin hoton takarda ta kusa ƙarewa, rubutun ya fito fari-fari, sai a ce "The copy is too faint". Kada a haɗa ta da "faded". Atamfar da rana da wanki suka cinye launinta "faded" ce, wato ta koɗe, da can tana da kala. "Faint" ba ta damu da yadda abu yake a da ba. Tana shiga har abin da ba a gani da ido: "a faint hope" ɗan guntun fata ne da bai taka kara ya karya ba.

Tambaya: Na ce "He fainted" sai abokan aikina suka ji "He painted". Yaya zan gyara? Kuma mece ce "feint"? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Amsa: Dalilin a bayyane yake. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f ɗinsa, kuma p da f ba sa bambanta ma'ana a Hausa, shi ya sa "paint" ta shigo mana a matsayin fenti. A Turanci sautuka biyu ne. Don f, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska, za ka iya jan ta, ffff, har numfashinka ya ƙare. Don p, rufe leɓɓa biyu ruf sannan ka sake su da fashewa ɗaya, ba ta jawuwa. Tsaya gaban madubi: in ba ka ga haƙoranka a kan leɓe ba, ba "faint" ka faɗa ba. Maimaita su bibbiyu, "faint, paint", "fan, pan", "full, pull", minti biyar kullum.

"Feint" furucinta ɗaya da "faint", amma ma'anarta yaudarar abokin karawa, kamar ɗan dambe ya nuna zai kai naushi ta nan ya kai ta can, ko ɗan ƙwallo ya yi yanka. Tushensu ɗaya ne a tsohon Faransanci, daga kalmar da ke nufin yin kamar. In ka ga "feint ruled" a bangon littafin rubutu, layuka marasa turuwa ake nufi, tsohuwar rubutawar masu ɗab'i ce.

Tambaya: Me ake nufi da "I haven't the faintest idea"? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ban sani ba ko kaɗan, ko alama. Ta fi "I don't know" ƙarfi, kuma da korewa ake amfani da ita, ba a cewa "I have the faintest idea". A gaban shugaba ko mai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki tana iya fitowa kamar gatsali, gara ka ce "I'm not sure". 'Yar'uwarta ita ce "not for the faint-hearted", wato ba aikin mai raunin zuciya ba ne, sai mai ƙarfin hali. Da karan ɗori ake rubuta "faint-hearted", kuma "ed" ɗin ƙarshe ba ya faɗuwa.