Filin Tambaya da Amsa: Me ya kashe maɗacin da aka sassaƙe?

Tambaya: Akwai wani tsohon maɗaci a ƙofar gidanmu wanda masu neman magani suka yi ta sassaƙa har suka zagaye gindinsa kaf. Ganyensa ya ci gaba da zama kore shar na tsawon watanni, daga bisani ya bushe. Tunda ba a taɓa itacen ciki ba, me ya kashe shi? Kuma me ya sa bishiya take ƙara kauri kowace shekara, amma karan dawa ba ya yin haka? Daga wani mai karatu a Kazaure.

Amsa: Malam, tambayoyinka biyu tushensu ɗaya ne, kuma amsar tana tsakanin ɓawo da itace.

A jikin bishiya akwai hanyoyi iri biyu. Ta farko ita ce itacen kansa, wanda masana ke kira zailem, kuma ta cikinsa ne ruwa da gishirin ƙasa suke hawa daga saiwa zuwa ganye. Ta biyu wani siririn shimfiɗi ne mai laushi a cikin ɓawo, wanda ake kira fulowem, aikinsa shi ne raba sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana ga sauran sassan bishiya, har da saiwoyi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Nägeli, ya raɗa waɗannan sunaye a shekarar 1858.

Masu sassaƙa sun yanke hanya ta biyu, sun bar ta farko. Shi ya sa ruwa ya ci gaba da hawa, ganye ya zauna da kyansa, alhali abinci ya daina sauka. Saiwoyin suka rayu da abin da suka tara, da ya ƙare suka mutu da yunwa, kuma da mutuwarsu ruwan ma ya yanke. Abin yana damuna ƙwarai, domin da a gefe ɗaya aka ɗebi ɓawon aka bar sauran, da bishiyar ta iya rufe raunin a hankali.

Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu kuwa akwai wani shimfiɗi mai rai da ake kira kambiyam, wanda shi ne damshin nan mai santsi da hannu ke ji idan an ɓare ɗanyen reshe. Ƙwayoyinsa suna rarrabuwa, suna ƙara sabon itace ta ciki da sabon fulowem ta waje, kuma daga nan kaurin maɗaci da mangwaro da darbejiya yake fitowa. Masu aurar da mangwaro ma da shi suke aiki, domin idan kambiyam ɗin reshe bai haɗu da na uwar ba, auren ba zai kama ba.

Dawa da gero da masara da rake ba su da wannan zobe na kambiyam. Idan ka yanka kara a gicciye, za ka ga hanyoyin a warwatse cikin totuwa kamar zare, kuma da zarar karan ya kai kaurinsa, a nan yake tsayawa, tsawonsa kuma daga tsini da gindin kowace gaɓa yake zuwa. Dabino da giginya ma 'yan wannan rukuni ne, kuma kowace sanda tasu da toho ɗaya tak take girma a can samanta, saboda haka idan aka sare kan giginya ba ta sake fitar da wani.