Fim ɗin 077 da ka gani ba na James Bond ba ne

Malam, ka ce ka kalli wani tsohon fim na ɗan leƙen asiri mai lamba 077, sanye da kwat, bindiga a hammata, kana tambaya ko cikin jerin James Bond yake. A'a, kwaikwayo ne.

Bayan Dr. No, fim ɗin farko a jerin James Bond, ya fito a 1962 kuma ya samu kasuwa, sai kamfanonin fim na Italiya, Faransa, Sifaniya da Jamus ta Yamma suka yi ca a kan salon, musamman tsakanin 1964 da 1968. Ba su da izinin amfani da 007, lambar Bond, sai suka riƙa juya lambar. Ken Clark, Ba'amurke, yana cikin jaruman da suka fito a matsayin 077. A 1967 har Neil, ƙanen Sean Connery mai fitowa a matsayin Bond, aka ɗauko ya ja wani fim a Italiya.

Ka lura da bakin 'yan wasan: sau da yawa maganar ba ta bin leɓe, domin daga baya ake ɗora murya. Ni hakan bai taɓa rage mini daɗinsu ba, ina son kiɗansu ƙwarai.

Kada ka sa OSS 117, wani ɗan leƙen asiri na finafinan Faransa, cikin masu kwaikwayo kai tsaye. Jean Bruce ya ƙirƙire shi a littafi tun 1949, Bond kuwa sai 1953. Sannan fim ɗaya yakan ɗauki sunaye daban-daban, don haka ka nema da sunan jarumi da shekara.

In kana shirin ɗora fim ɗin a YouTube, tuntuɓi lauyan haƙƙin mallaka tukuna.