Yadda za ka gwada manhajar karatu da yara

Malam, ka ce ka haɗa manhajar koyon harufa ta 'yan firamare, kana neman yadda za ka gwada ta, har da yara makafi da kurame.

Kada ka dogara da tambayar "ta yi maka daɗi?" Yaro zai ce eh don ya faranta maka, balle namu da suka tashi da kunyar manya. Janet Read, wata mai bincike a Ingila, ta fito da ma'aunin fuskoki 5, daga mai murtukewa zuwa mai dariya, amma ƙananan yara galibi mai dariyar suke nunawa. Gara ka tambaye shi ko yana son ya sake, sannan ka koma gefe ka zuba ido. Ka zaunar da su biyu-biyu a waya ɗaya, gardamarsu za ta nuna maka inda suka rikice.

Ka lura da yatsunsu. Ƙaramin yaro yakan danna ya riƙe, ko ya kife tafin hannunsa a gilashin. Jan hoto daga nan zuwa can yana ba su wuya, kuma Google ta ba da shawarar kada girman maɓalli ya gaza 48dp (dp shi ne ma'aunin girman abu a gilashin wayar Android).

Ga makaho, kunna TalkBack, manhajar Android mai karanta wa makaho abin da ke kan gilashin waya da murya, ka saurara. Maɓallin da ba ka raɗa wa suna ba, ba zai san aikinsa ba. Kurma kuwa, duk ƙarar da ke nufin "ka ci" ta zo da hoto ko girgizar waya. Ka fara samun izinin iyaye, kuma malaminsu mai iya maganar hannu ya zauna tare da ku.