Ciwon Cikin da Gwaji Bai Gano Ba

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan cikina na murɗawa da kumburi, yau gudawa gobe taurin bayan gida. Duk gwaji lafiya lau, aka ce IBS ne, wato ciwon rikicewar aikin hanji. Ƙanena da ke Ingila ya ce in gwada hifnosis. Ba tsibbu ba ne kuwa? Daga wata mai ɗinki a Zariya.

Amsa: Ko kusa, Hajiya. Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, shi ya sa fargaba ke tsinka ciki. A hifnosis, ƙwararre zai kwantar miki da jiki da magana, ki ɗora hannu a ciki kina jin ɗumi na ratsa hanjin, kuma kina cikin hayyacinki sarai. Likita Peter Whorwell na Manchester ya nuna amfaninsa a 1984, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuma ta yarda a gwada shi idan magani ya gaza tsawon shekara. Yakan ɗauki makonni, ba kowa yake wa aiki ba. Ni dai kafin nan zan so ki rage wake da madara ki gani. In kin ga jini a bayan gida ko kina ramewa, ki koma asibiti da gaggawa.