Fayilolin da aka turo ta fom: ina suke shiga?

Malam, ka ce iyayen yara suna turo hoto da takardar haihuwa ta fom ɗin shafin makarantarku a nan Damagaram, amma ka duba ma'ajiyar hotuna ta WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ba ka ga komai ba. Tunda Contact Form 7, wato ƙarin manhajar da ke yin fom a WordPress, kake amfani da shi, ba za ka gan su a can ba. Shi ba ya adana fayil. Yana ajiye shi na ɗan lokaci a wp-content/uploads/wpcf7_uploads, ya liƙa shi a jikin imel, sannan ya goge. Saboda haka akwatin imel ɗin da fom ke aika wa saƙo za ka duba, har da wajen spam.

Sharaɗi ɗaya ne: sai ka sa alamar filin fayil ɗin, wato sunan filin da ake ɗora fayil a fom, a gurbin "File attachments" da ke saitin imel. In gurbin nan babu komai, saƙo zai iso, takarda kuwa ta tafi ke nan, sai an sake turowa. Ka kuma ɗaga iyakar girman fayil, domin asalinta 1 MB ce, hoton waya kuwa yakan wuce haka. Don Allah kada ka bar takardun yaran mutane a foldar da kowa zai iya buɗewa da adireshi.