Kufan Babbar Zimbabuwe da Tafkin Mutirikwi: Ko Tafiyar Ta Cancanci Wahala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Harare, kuma zan sami sararin kwana biyu. Ina so in ga kufan duwatsu na Babbar Zimbabuwe da gandun dajin da ke kusa da shi, amma wani aboki ya ce mini ba baƙar fata ne suka gina wurin ba, kuma babu abin kallo sai tarin duwatsu. Mece ce gaskiyar magana? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ita ce ka je, kada ka bari maganar abokinka ta sage maka gwiwa. Daga Harare zuwa garin Masvingo tafiyar kimanin kilomita 290 ce, daga nan kuma kusan kilomita 30 zuwa kufan.

Maganar da abokinka ya ji tsohuwa ce, kuma an san inda ta samo asali. A shekarar 1871 wani Bajamushe mai suna Karl Mauch ya isa wurin, ya yi da'awar cewa yana da alaƙa da fadar Sarauniya Bilkisu. Turawan mulkin mallaka suka rungumi wannan labari domin ya dace da bukatarsu. Sai dai masana binciken kayan tarihi, David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929, sun haƙa ƙasar wurin, sun tabbatar da cewa aikin 'yan Afirka ne. Kakannin al'ummar Shona ne suka gina birnin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, wato a zamanin da aka fara ginin ganuwar Kano, kuma zinariyarsu da hauren giwarsu sun bi ta gaɓar teku har zuwa Kilwa, wani tsohon birnin fatauci a ƙasar Tanzaniya ta yau. Tangaran ɗin Sin da tukwanen Farisa da aka tono a can su ne shaidar wannan fatauci.

Ka ba kufan yini guda cur, ka kuma ɗauki jagora a ƙofar shiga. Ka fara da hawan tsauni da sassafe kafin rana ta yi zafi, domin a samansa ne gine-gine mafi daɗewa suke, inda aka saƙa bango a tsakanin manyan duwatsu. Idan ka sauko zuwa babbar ganuwa, wadda tsayinta ya kai mita 11 a wasu wurare, kewayenta kuma kimanin mita 250, ka matsa kusa ka duba da idonka: babu laka, babu siminti, dutse ne aka sassaƙa aka jera a kan dutse, sahu bisa sahu, ya tsaya da nauyin kansa. Akwai wani siririn lungu tsakanin bango biyu, wanda ba ya ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, shi ne zai kai ka ga wata hasumiya mai siffar rumbu. Kada ka tafi ba ka leƙa ɗakin adana kayan tarihi ba, domin ganin tsuntsayen dutse da aka sa hoton ɗayansu a tutar ƙasar. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya a 1986.

Shi kuwa Tafkin Mutirikwi, wanda a da ake kira Kyle, madatsa ce da aka kammala a 1960 domin ban ruwan gonakin rake na kudancin ƙasar. Gandun dajin yana gefen arewa na tafkin, kufan kuma yana kudu, saboda haka tafiyar ta fi yadda taswira take nunawa, kuma za ka bukaci mota. Za ka iya ganin karkanda, raƙumin dawa, jakin dawa, ɓauna da bareyi, musamman da hantsi ko da la'asar. Mai neman garken giwaye sai ya nufi gandun dajin Hwange da ke yammacin ƙasar. Ka guji shiga ruwan ko yin alwala a bakinsa, saboda kada da dorina da cutar tsargiya.

Lokacin rani, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi dacewa da ziyara, amma idan tafiyarka ta faɗo a Yuni ko Yuli ka riƙi rigar sanyi. Ka tanadi ƙananan takardun dalar Amurka domin kuɗin shiga, ka kuma tuntuɓi ofishin jakadancin Zimbabuwe kan batun biza tun kafin ka sayi tikiti.