Filin Tambayoyin Masu Mota: Hiace tana misin, ga kuma wayoyi suna reto a ƙarƙashin kujera

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Funtuwa da Zariya da bas ƙirar Toyota Hiace ta 1997, mai injin fetur 2RZ irin mai nozul, wato mai fesa wa inji fetur. Kwanakin baya ta yi zafi a hanya, aka sauke kan injin aka sauya gasket. Tun ranar da na karɓo ta take misin: a sulo tana jijjiga, da safe sai na yi ta ba ta wuta kafin ta tsaya da kanta, idan kuma na ɗauki lodi na kama hawa sai ta riƙa fizga. An sauya fulogi, ba ta daina ba. Da na ɗaga kujera na duba da kaina, na tarar da koren soket mai waya biyu yana reto, da wata waya ruwan ƙasa mai zobe a baki wadda ba a ɗaure ta ba, da wani farin soket da ƙura ta cika, da kuma siririn tiyo wanda ba a sa shi a komai ba. Bakanike ya ce birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, shi ne ya lalace, in sayo wani. Mai wayarin kuma ya ce in bari ya haɗa wayoyin ya gwada. Wanne zan bi?
Daga wani direba a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Birenbos yana cikin kayan da ba su cika lalacewa ba a waɗannan motoci, kuma motar da take aiki lafiya kafin a sauke kan injinta, ta fara misin a ranar da aka mayar da shi, to abin da hannu ya taɓa a ranar shi ne abin tuhuma na farko. Shawarar mai wayarin ta fi ta bakanike haɗari, domin haɗa waya a kan kintace shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙona birenbos ɗin da yake lafiya ƙalau. Wasu wayoyin da ke shiga cikinsa bolt 5 kawai suke ɗauka, idan aka ba su bolt 12 na batir, to a nan ne za ka sayi sabo dole.

Abubuwa huɗun da ka gani ba matsayinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi damuna shi ne wayar nan ruwan ƙasa mai zobe. A tsarin launukan Toyota, waya ruwan ƙasa da fara mai baƙin layi galibi wayoyin at ne, wato waɗanda ke mayar da wuta jikin inji ko jikin mota. Mai zobe a baki kuwa an yi ta ne don a ɗaure ta da ƙusa a jikin ƙarfe, yawanci a kan bututun da iska ke bi ta shiga inji, kuma sai an kwance wannan ƙusa kafin kan inji ya fita. Idan at ɗin birenbos ko na nozul bai kama da kyau ba, wuta za ta nemi wata hanya ta cikin ƙananan wayoyi, saƙon da na'urori ke aikawa ya rikice, mota ta riƙa fizga a lokacin da ba a iya faɗa. Kafin a ɗaure ta, a cire kan batir, a sa mita a tabbatar da cewa tana haɗe da sauran wayoyin at, a kankare wurin har ƙarfen ya yi haske, sannan a ɗaure tamau. A duba babbar wayar at da ke tsakanin inji da jikin mota ita ma. Gwajinta shi ne a ɗora bakin mita ɗaya a kan batir na baƙar waya, ɗayan a jikin inji, a yi kik. Abin da mita ta nuna bai kamata ya wuce kimanin bolt 0.2 ba.

Koren soket mai waya biyu, bisa ga abin da ka bayyana game da safiya, ya fi kama da na na'urar da ke gaya wa birenbos zafin ruwan inji. Mutane da yawa suna rikita ta da ƙaramar mai waya ɗaya wadda ke motsa allurar zafi a gaban direba, shi ya sa za ka ga allura tana aiki daidai alhali birenbos bai san ko inji ya yi zafi ko yana sanyi ba. Idan saƙon wannan na'ura ya yanke, birenbos yakan ɗauka cewa ruwa yana kan digiri 80, sai ya ba da man da ya dace da inji mai zafi, wanda bai ishi inji mai sanyi ba. Dalilin da ya sa kake fama da ita da asuba ke nan. Na'urar tana ɗaure a kan hanyar da ruwan inji ke bi. Idan ka same ta babu soket a kanta, kuma soket ɗin ya kai wurin ba tare da an ja shi ba, ya shiga ya yi ƙara, to gidansa ke nan. A auna ta da mita kafin a mayar: a sanyi na digiri 20 tana nuna tsakanin om 2,000 da 3,000, a digiri 80 kuma tana sauka zuwa kimanin om 300. A kuma tambayi bakaniken ko ya cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, domin al'adar cire shi bayan mota ta yi zafi ta yi yawa a garejinmu, kuma abin da take haifarwa shi ne inji mai daɗewa bai kai zafinsa ba, mai shan mai da baƙanta fulogi.

Siririn tiyon nan ba waya ba ne, amma yana iya zama shi ne ke kawo jijjigar sulo. Idan bakin da ya kamata ya rufe a jikin bututun iska yana buɗe, inji yana shaƙar iskar da ba a lissafa da ita ba. A tayar da mota a saurara, za a ji ƙarar tsotso. A ɗora yatsa a kan bakin, idan sulo ya sauya to an samo shi. Yawancin waɗannan motoci suna da takardar zanen tiyoyi a manne a ƙarƙashin kujera ko kusa da inji, in dai ba ta goge ba.

Farin soket mai ƙura kuwa a bar shi yadda yake. Kamfani yakan yi wayarin iri ɗaya ga motocin da za a kai ƙasashe daban-daban, saboda haka akwai soket na na'urar sanyaya ɗaki, ko na ɗumama baya, ko na giya mai sauya kanta, wanda bai taɓa shiga ko'ina ba tun daga masana'anta. Alamar da ake bi mai sauƙi ce: soket ɗin da aka cire kwanan nan cikinsa tsaf yake, bakin ƙarfensa yana ƙyalli, wanda kuwa ya shekara ashirin a buɗe ƙura da maiƙo sun cika shi. A naɗe shi da salatif a ɗaure shi nesa da salansa.

Motarka tana iya gaya maka wani ɓangare na matsalarta da kanta, ba tare da kwamfutar gwaji ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka duba ko fitilar gargaɗin inji ta kama. Idan ba ta kama ba, akwai yiwuwar an cire ƙwan, abin da ake yawan yi wa motocin Beljiyam kafin a sayar, kuma sai an mayar da shi gwajin zai yiwu. Akwai ƙaramin akwati mai murfi da aka rubuta DIAGNOSIS a kansa, kuma an zana sunan kowane rami a cikin murfin. A haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a kula ƙwarai kada ta taɓa ramin +B, sannan a murɗa makulli. Idan fitila tana ƙyaftawa daidai wa daida ba tsayawa, birenbos bai riƙe wani laifi ba. Idan kuwa ta ƙyafta sau biyu, ta ɗan tsaya, ta sake ƙyaftawa sau biyu, lamba 22 ke nan, wato na'urar zafin ruwa. Lamba 12 da 13 suna nufin saƙon juyin inji daga distiributa mai rarraba wa fulogi wuta, 14 saƙon wutar fulogi, 21 na'urar da ke jikin salansa, 31 na'urar auna iska, 41 kuma na'urar totur. Bayan gyara, a zare fis ɗin da aka rubuta EFI na ɗan lokaci don goge tsohuwar lamba, a tuƙa motar, a sake gwadawa. Sai dai wannan tsohon tsari ba ya faɗin silindar da ke misin, ba kamar na motocin baya-bayan nan ba masu ba da lambobi irin P0301 zuwa P0304, don haka wannan aikin da hannu za a yi shi.

Ga yadda ake yi. Mota tana sulo, a cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Duk silindar da aka cire wa, inji ya ƙara rawa, tana aiki; wadda aka cire kuma babu abin da ya sauya, ita ce matacciya. Na fi son wannan hanya a kan fizge wayar fulogi da bakanikai suka saba, domin barin wutar koyil babu inda za ta sauka yana iya lalata koyil ɗin ko na'urar da ke kunna shi, ban da girgizar da mutum zai sha. Idan an gano silindar, a musanya fuloginta da na maƙwabciyarta, a gwada. Idan matsalar ta bi fulogi, an gama. Idan ba ta bi ba, a koma kan wayar fulogi, wadda Toyota ta ce kada ta wuce om 25,000. Fizgar da kake ji a hawa da lodi ita ce alamar da aka fi sani ta waya mai yoyon wuta, ko murfin distiributa mai tsaga, domin a lokacin ne matsi ya fi yawa a cikin silinda, wuta kuma take neman hanya mafi sauƙi ta tsere. Da dare, a wuri mai duhu, sau da yawa ana ganin tartsatsin yana tsalle daga waya zuwa jikin inji. A kuma tabbatar da jerin wayoyin a kan murfi, wanda a wannan inji shi ne 1-3-4-2, sannan a duba tayimin, wato lokacin wutar fulogi, da fitilar gwaji, TE1 da E1 suna haɗe, tunda sai an zare distiributa kafin a sauke kan inji, kuma mayar da shi da kunne kawai ba ya wadatarwa.

Idan wuta tana zuwa, nozul yana ƙara kamar yadda ya kamata, amma silinda ɗaya ta ƙi aiki, to dole a auna matsin kowace silinda. Wannan shi ne gwajin da ya kamata a yi wa duk injin da ya taɓa yin zafi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Bambanci tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kimanin kilo 1 a ma'aunin matsi ba. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gasket ɗin bai zauna ba, ko kan injin ya lanƙwashe ba a kai shi an goge ba. Idan ɗaya ce, a zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: matsi ya tashi, ringi ne, bai tashi ba, bawul ne, ko ya ƙone ko tazararsa ta matse. Ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, tare da misin na minti ɗaya ko biyu da safe da farin hayaƙi, shi ma yana nuna gasket. A wannan hali bakaniken da ya yi aikin shi ke da alhakin sake buɗewa, kuma ina ba ka shawarar ka rage dogon zango da lodi har a gama, saboda man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda.

TAMBAYA: Tawa ma Hiace ce mai nozul, kuma ta dame ni da zuwa wurin mai wayarin. Abokan aikina a tasha sun ce in cire nozul da birenbos gaba ɗaya in sa kabureta in huta. Shin wannan shawara ce mai kyau?
Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ana yi, motar kuma tana tafiya, amma ban goyi baya ba, Malam. Famfon man mota mai nozul yana tura fetur da matsin da ya kai kusan kilo 3, kabureta kuwa ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan, saboda haka idan ba a sauya famfon ba, fetur zai riƙa ambaliya a kan inji mai zafi, a ƙarƙashin kujerar da kake zaune. Haka nan distiributan motarka birenbos ne ke sarrafa lokacin wutarsa, don haka sai an nemo na mai kabureta, tare da bututun iskar da ya dace da ita. Idan ka haɗa kuɗin waɗannan da ƙarin man da za ta riƙa sha kullum, sau da yawa ya fi kuɗin gyaran wayarin. Abin da ke mayar da irin motarka gareji a kai a kai yawanci shi ne wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, waɗanda zafi da girgizar hanya ke saki. Ka nemi mai wayarin da zai buɗe damin wayar da ke kan inji daga farko zuwa ƙarshe, ya yanke kowane tsohon haɗi ya sake shi da dalma, ya sauya soket ɗin da kunnensu ya karye da na wata motar da aka farfasa, sannan ya gwada lambobin fitila a gabanka kafin ka biya shi.